DARASI GA DIREBOBI DA MASU MOTA: IN TSOHUWAR MOTA TA ƘI TASHI

Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a shekarar 1929. A zamanin nan da jakai da raƙuma kakanninmu suke kai gyaɗa da auduga bakin tasha. Yau kuwa kusan kome namu a mota yake tafiya. Mota ce ke kai gero da wake kasuwar Shinkafi ran Alhamis. Mota ce ke kawo taki daga Gusau. In mace ta daɗe bisa gwiwa a wani ƙauye na ƙasar Zurmi, ƙofar mai motar nan guda ta garin za a buga da tsakar dare.

Yawancin motocin nan tsofaffi ne. Akwai Peugeot 504, wadda muke ce wa Fijo, da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Har yanzu wasu a-kori-kura irinta suna bisa hanya. Akwai kuma Golf da sauran ƙananan motoci da suka gama aiki a Turai kafin su zo mana ta Kwatano. Tsohuwar mota kuwa, kome kyawunta, wata rana za ta ƙi tashi. Dukanmu mun san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga. Ba wanda yake so magariba ta same shi tsakanin Ƙaura da Shinkafi da bonet a buɗe. Waya ma ba kullum take ceto ba. Mun tuna watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara, ba halin kiran bakanike ko daga ina. Saboda haka ya kamata kowane direba, da yaron mota, da mai mota, su san yadda ake neman abin da ya hana mota tashi.

ABIN DA YA SAME MU

Wata damina a-kori-kurarmu ta aikin gona ta ƙi tashi a wani ƙauye, tana ɗauke da takin manoma. In an murɗa makulli sai a ji “ƙat”, shi ke nan. Nan da nan muka ce batir ne. Muka aiki yaro a kan mashin ya sayo sabo a Ƙaura. Aka ɗaura, aka murɗa, sai “ƙat”. Muka ce to kik ne. Ga laka ko'ina, ba dama a tura. Muna shirin kwance kik, sai wani tsohon direba ya zo wucewa. Ya ce a kunna fitila, a murɗa makulli. Fitilar ta mutu murus. Ya bi baƙar wayar batir da hannu har inda aka ɗaure ta a jikin mota, ya ji wurin da zafi. Ya kwance, ya kankare tsatsa da wuƙa, ya ɗaure tam. Murɗawa ɗaya mota ta tashi.

Aikin bai kai minti goma ba. Amma mu mun yi hasarar kwana biyu da kuɗin batir, manoma kuma sun makara wajen sa taki. Me ya jawo? Mun fara saye kafin mu fara dubawa. Wannan shi ne kan darasinmu na yau: a saurara tukuna, a duba bi da bi, a fara da abu mai sauƙi, kada a sayi kome sai an tabbata shi ne ya lalace.

ABU HUƊU DA INJI YAKE BUKATA

Injin fetur ba ya tashi sai abu huɗu sun haɗu.

1. Juyi. Tilas wani abu ya fara juya injin. Wannan aikin batir ne da kik.
2. Wuta. Tilas tartsatsi ya fito a bakin fulogi, a kan kari.
3. Mai da iska. Tilas fetur ya gauraya da iska daidai gwargwado. Bisa ga nauyi, kashi 1 na fetur yana bukatar wajen kashi 15 na iska.
4. Matsi. Tilas fistan ya matse haɗin nan sosai cikin silinda kafin wuta ta kama shi.

In mota ta ƙi tashi, ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya ɓace. Aikinmu shi ne mu gano wanne, kamar yadda malamin asibiti yakan yi tambaya ya auna kafin ya ba da magani.

KAFIN MU TAƁA KOME

Mu cire giya, mu ja burkin hannu, mu sa weji ko dutse a taya. Kada a sha taba kusa. In da dare ne, a haska da tocila, ban da ashana, ban da aci-balbal. Mai babbar riga ya tuɓe ta ko ya naɗe hannuwanta, gama fanka da fambel ba su san mai gida ba.

Sa'an nan mu yi wa kanmu tambaya uku. Yaya motar take jiya? Mene ne abu na ƙarshe da aka yi mata: an sha mai, an wanke inji, an shiga ruwa, ko bakanike ya taɓa ta? Akwai mai a tanki kuwa? Kada mu gaskata allurar mai ta tsohuwar mota. Sau da yawa amsar tambayoyin nan ita ce rabin gyara.

MATAKI NA ƊAYA: SAURARA

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. A yi shiru, a murɗa makulli, a kasa kunne. Ɗaya daga cikin huɗu za mu ji.

(a) Shiru, ko “ƙat” sau ɗaya, ko “ƙat-ƙat-ƙat” da sauri. Inji bai juya ba.
(b) Inji yana juyawa da ƙyar, kamar mai nishi.
(c) Inji yana juyawa da ƙarfi yadda ya saba, amma bai kama ba.
(d) Inji yana juyawa da sauri fiye da kullum, sakayau, kamar ba kome a ciki.

In (a) ne ko (b), laifin yana wajen batir, ko wayoyinsa, ko kik. Kada mu taɓa kafireta, ba ruwanta. In (c) ne, batir da kik sun fita zargi, sai mu nemi wuta da mai. In (d) ne, matsi ya tafi.

Ga doka guda da za mu riƙe: kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10. A bari kik ya huta rabin minti. In an gwada sau uku ba ta kama ba, a daina, a fito a duba. Direban da ya yi ta murɗawa har batir ya mutu, ya ƙara wa kansa ciwo na biyu a kan na fari.

MATAKI NA BIYU: IN INJI BAI JUYA BA

Mu yi gwajin tsohon direban nan. A kunna manyan fitilu, wani ya tsaya gaba, a murɗa makulli.

In fitilu ba su kama ba sam, ko sun mutu sa'ad da aka murɗa, wuta ba ta isa ba. Ko batir ya yi sanyi, ko hanyar wutar ta toshe. In kuwa fitilu sun tsaya da haskensu, kik kuma ya yi shiru, to batir lafiya yake. Sai mu koma wajen kik.

Mu fara da kawunan batir. Kik yana jan wuta mai yawa ƙwarai, fiye da amfiya 100 a lokaci guda. Ɗan datti kaɗan da ba zai hana rediyo ko fitila aiki ba, ya isa ya hana kik juyawa. A kama kowane kai a girgiza. In ya motsa, ya saki. In akwai farin gari ko kore a kansa, a kwance, baƙar waya tukuna sa'an nan ja. A jiƙa kanwa a ruwan zafi a wanke kawunan, gama kanwa tana kashe kaifin ruwan batir. A lura kada ruwan kanwar ya shiga cikin batir. A goge da samfefa har dalma ta yi haske, a mayar, ja tukuna sa'an nan baƙa, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris. Buga ƙusa a kan batir domin ya kama dabara ce ta yini ɗaya, tana kuwa ɓata kan.

Sa'an nan mu bi manyan wayoyin biyu har ƙarshensu. Ja tana zuwa kik. Baƙa tana zuwa jikin mota da jikin inji. Bayan an murɗa makulli, a taɓa kowace mahaɗa. Inda aka ji zafi, nan wuta take wahalar wucewa.

Yanzu batir kansa. Yana da ɗaki shida, kowane ɗaki yana ba da wajen bolt 2.1. In muna da ɗan ma'aunin lantarki, irin na masu gyaran rediyo da sola, cikakken batir zai nuna wajen 12.6. In ya nuna 12.2, rabi ya rage. In ya gaza 12, ya yi sanyi. In sa'ad da ake murɗa makulli ya faɗi ƙasa da 10, ba shi da ƙarfin juya inji. In batir mai murafai ne, a buɗe a duba, ruwa ya rufe farantan da ke ciki. A ƙara tataccen ruwa na batir kaɗai. Ruwan rijiya da na leda suna da gishiri iri iri da ke kashe batir a hankali.

Mu kuma tambaya, me ya kashe shi? In an bar fitila ko rediyo a kunne ya kwana, da sauƙi. Amma in fambel ya saki, ko altaneta ba ta caji, sabon batir ma zai mutu cikin 'yan kwanaki. Bayan mota ta tashi, ma'auni ya nuna tsakanin 13.8 da 14.4. Jar fitilar caji kuma ta mutu.

In fitilu sun tsaya da haske, a duba siririyar wayar da ke shiga ɗan gwangwanin da ke bisa kik. Takan zame saboda gargadar hanya. In tana nan, wani ya riƙe makulli a murɗe, wani ya ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da sifana, a hankali. In ya juya, burushinsa ne ya cinye. Zai kai mu gida, amma a kai shi wurin mai gyara a makon nan.

TURI DA ARON WUTA

Mota mai giyar hannu tana tashi da turi. A buɗe makulli, a sa giya ta biyu, a taka kuloci, a tura. In ta ɗauki gudu a saki kuloci, da ta kama a sake takawa. Mota mai canja giya da kanta ba ta tashi da turi, kada a wahalar da jama'a.

In za a ari wuta daga wata mota, a sa wayoyi masu kauri. Ja zuwa ja. Baƙa daga batir mai rai zuwa ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa kaɗan da batir, domin batir yana fitar da iska mai kama wuta. A duba alamun sau biyu. In aka juya wayoyin, altaneta takan ƙone nan take.

MATAKI NA UKU: YANA JUYAWA, BAI KAMA BA

Nan ne fulogi yake zama shaida. A kwance guda ɗaya a duba bakinsa.

In ya jiƙe da fetur, mai yana zuwa, wuta ce babu, ko kuwa mai ya yi yawa.
In ya bushe ƙayau bayan an yi ta murɗawa, mai ba ya zuwa.
In ya yi baƙi da kunkunniya, mai yana yi wa iska yawa.
In ya yi danƙo da baƙin mai, ringi ko bawul sun tsufa.
In ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, silindar nan tana ƙona mai daidai.

NEMAN WUTA

A Fijo da sauran tsofaffin motoci, ga hanyar wuta: daga batir zuwa makulli, zuwa koyil, zuwa distiributa, zuwa fulogi. Koyil ne yake ɗaga bolt 12 ya mai da shi fiye da dubu 10. Distiributa, wanda 'yan'uwanmu na wajen Maraɗi suke kira delko, shi ne mai raba wutar ga fulogai huɗu. A cikinsa akwai kontak mai buɗewa da rufewa, da kondansa, da rota mai juyawa.

A mayar da fulogin nan cikin wayarsa, a kwantar da ƙarfensa a jikin inji, nesa da kafireta. Wani ya murɗa makulli. In tartsatsi shuɗi ya fito yana “tas-tas”, wuta lafiya. In ja ne mai rauni, ko babu, mu koma baya. A zare wayar tsakiya daga murfin distiributa, a riƙe ta da filaya mai roba, bakinta ya yi kusa da ƙarfen inji kamar rabin santimita. A murɗa.

In wuta ta yi tsalle a nan, amma ba ta kai fulogi ba, laifin yana tsakani. A buɗe murfin distiributa. A duba ko ya jiƙe, ko ya tsage, ko ɗan gawayin da ke tsakiyarsa ya cinye. A goge bakin rota. A duba wayoyin fulogi.

In ba ta yi tsalle ba, a duba ƙananan wayoyin koyil, ko ɗaya ta saki. Sa'an nan kontak. Shi ne ya fi kowa laifi a tsohuwar mota. Wani ya murɗa, mu duba ko yana buɗewa yana rufewa. In ya ƙone ko ya yi datti, a goge da samfefa mai laushi, a bi da tsabtatacciyar takarda. A Fijo, buɗewarsa milimita 0.4 ce, watau kamar kaurin warƙa huɗu na littafin makaranta. Bakin fulogi kuwa milimita 0.6. In kontak yana yawan ƙonewa, a zargi kondansa. Koyil shi ne na ƙarshe da za a zarga, ko da yake shi mutane suka fi saurin saye.

Mu lura: wayoyin fulogi suna da jerinsu, 1, 3, 4, 2. In an rikita su, mota za ta yi ta atishawa ba ta tashi ba. Saboda haka a cire su ɗaya ɗaya, a mayar da wannan kafin a cire wancan.

NEMAN MAI

In hanci ya ji warin fetur, fulogi kuma ya jiƙe, mota ta sha mai ta ƙware. Yawan fafa totur ne yake kawo wannan. A mayar da cok, a taka totur har ƙasa, a riƙe shi nan ba fafawa, a murɗa. In ta ƙi, a kwance fulogai a shanya su.

In fulogi a bushe yake, a cire matatar iska, a leƙa maƙogwaron kafireta, a ja totur da hannu. Ya kamata mu ga mai ya yi tsartuwa. In babu, kafireta ba ta da mai. A zare tiyon da ke shiga cikinta, a sa bakinsa cikin kwalba, a murɗa makulli kaɗan. In mai yana fitowa bul-bul da ƙarfi, famfo lafiya, datti ne ya toshe kafireta. In ba ya fitowa, a bi baya: filta, famfo, tiyo, tanki. Tiyon da ya tsage yakan sha iska maimakon mai. A buɗe murfin tanki. In ya yi huci kamar an buɗe lemon kwalba, kafar iskarsa ta toshe.

Akwai gwajin da kanikawa suke yi, na zuba fetur cokali ɗaya a maƙogwaron kafireta. In mota ta tashi ta mutu, an tabbata mai ne ba ya isowa. Amma gwajin nan ya ƙona fuskar mutane. A zuba tukuna, a kai kwalbar nesa, kowa ya ja da baya, kana a murɗa. Kada a zuba ana murɗawa. Kada kuma a zuƙi fetur da baki, gama in ya shiga huhu yana kisa.

Wani lokaci mai yana zuwa, amma man ne ba shi da kyau. A ƙauyukanmu da yawa ba gidan mai, sai 'yan bumburutu da jarka. Ba dukansu ne masu algus ba, amma jarka takan tara ruwa da ƙasa, wasu kuma sukan haɗa da kananzir. Gidan mai ma ba ya hana. A watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya ɓata motoci da dama. To, a duba man da ke cikin kwalbar nan. A ajiye shi ya natsu. In akwai ruwa, zai kwanta a ƙasa, fetur ya hau bisa. In an ɗiga fetur mai kyau a farar takarda, yakan bushe da sauri bai bar tabo ba. Mai kananzir yakan bar maiƙo. In mota ta ƙi tashi bayan an sha mai a sabon wuri, man za a fara tuhuma.

ISKA DA MATSI

Matatar iska da ƙura ta cika takan shaƙe inji. A cire ta, a gwada. In mota ta tashi, an kama ɓarawo. A kakkaɓe ta ko a sake wata. Kada a yi tafiya babu ita, gama ƙurar hanyoyinmu takan ci ringi kamar samfefa.

In inji yana juyawa sakayau da sauri, mu tuna ko ya yi zafi jiya har lagireto ya tafasa. In haka ne, mai yiwuwa gaskit ya ƙone. A zaro sandar awon baƙin mai. In ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Wannan ya wuce gyaran bakin hanya. A Golf kuwa, bel ne yake juya bawul, ba sarƙa ba kamar a Fijo. In bel ɗin ya tsinke, haka za ta yi. A cire murfinsa na sama a duba. In ya tsinke, a daina murɗawa.

MOTOCI MASU INJEKTA

Yawancin Golf da ire-irensu ba su da kafireta, ba su da kontak. Abu huɗun nan dai suke bukata, amma wani akwati, wanda kanikawa ke ce wa burenbos, shi yake sarrafa wuta da mai. Famfon mansu na lantarki ne, yana cikin tanki ko kusa da shi. A buɗe makulli ba tare da an murɗa ba, wani ya sa kunne wajen tanki. A yawancinsu za a ji guna na daƙiƙa biyu. In shiru, a duba fis da rile kafin a zargi famfo. Fis da ya ƙone a sa masa wani mai lambarsa. Naɗa waya a madadinsa yakan ƙona mota.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, da yawanmu lita uku ko biyar muke sha, tanki kullum a ƙasa. Famfon lantarki kuwa man da ke kewaye da shi ne yake sanyaya shi. Tankin da ba kome yakan sa ya yi zafi, ya kuma zuƙi dattin gindi. Kuɗin da aka tsimi a mai, a famfo yake ƙarewa. A irin motocin nan kada a gwada wuta da waya a sake, sai da fulogi a jikin inji. Kada kuma a cire kan batir inji yana aiki. Duka biyu suna iya ƙona burenbos.

KOWANE LOKACI DA CIWONSA

Da hunturu, sanyin asuba yakan rage ƙarfin batir, baƙin mai kuma ya yi kauri. Batirin da ya tsufa a nan yake tona kansa. A ja cok, a taka kuloci domin a rage wa kik nauyi.

Da bazara, zafi yakan shanye ruwan batir, a duba shi kowane mako. In an tsaya da rana tsaka bayan doguwar tafiya, mota ta ƙi tashi, mai yiwuwa fetur ne ya zama tururi cikin tiyo. A buɗe bonet, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon mai, a dakata minti 15.

Da damina, laima ce abokiyar gaba. A shanya murfin distiributa da wayoyi. In kuwa mota ta mutu cikin ruwa mai zurfi, a rafukan da ke gangarawa Gagare ko Bunsuru, kada a murɗa makulli ko sau ɗaya. Ruwa ba ya matsuwa. In ya shiga silinda aka murɗa, ƙarfen da ke riƙe da fistan yakan lanƙwashe. A turo ta tudu, a kwance fulogai duka, a juya injin ruwan ya fita, a duba baƙin mai kafin a tayar.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Ga kayan da bai kamata a rasa a mota ba: sifana mai lamba 10, 12 da 13, sifanar fulogi, sukundireba, filaya, samfefa, tocila, tsumma, kwalba, fulogi biyu, kontak da kondansa, fis, filta, fambel, da wayoyin aron wuta. In motar ita ce ta kai marasa lafiya, a tayar da ita kowace safiya ko ba tafiya. A riƙa ajiye ta a gangare, fuskarta wajen hanya. In da safe ta yi gardama kafin ta tashi, a nemi dalili tun a gida. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gara ta ƙi a ƙofar gida da ta mutu a dawa.

In mun bi matakan nan ba mu gano ba, ba abin kunya ba ne a kira bakanike. Amma yanzu za mu iya gaya masa: “Malam, tana juyawa, wuta tana zuwa koyil, ba ta kai fulogi.” Zai zo da abin da ya dace, ba zai yi ta canje-canje da kuɗinmu ba. In kuwa rana ta yi ƙasa a wurin da ba a amince da shi ba, a kulle mota, a kai fasinja gari mafi kusa. Mota ana sayen wata.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne abu huɗu ne inji yake bukata kafin ya tashi?
2. An murɗa makulli, fitilu sun tsaya da haske, kik ya yi shiru. Ina za ku fara dubawa?
3. Fulogi ya fito a jiƙe. Me wannan yake nunawa?
4. Don me ba a murɗa makullin motar da ta mutu cikin ruwa?
5. A garinku, wace mota ce ake dogara gare ta in rashin lafiya ya taso da dare? Wa yake duba ta?

Muna roƙon kowace ƙungiyar manoma da ke da mota ta karanta darasin nan a gaban motar, da bonet a buɗe. A gayyaci bakaniken gari ya nuna wa matasa kowane abu da sunansa, kowa ya taɓa da hannunsa. Allah ya kiyaye hanya.